Ranar da Aka Shimfiɗa wa Baba Buzu

Wata Asabar cikin watan Rajab na bara, bayan la'asar, jikata Rahaf ta matsa mini sai na raka ta gidan tarihin ruwan Makka, wai malamarsu ta ba su aikin rubutu a kansa. Na ce mata ni da na sha ruwan nan tun ana ɗauko shi a kafaɗa, me za a nuna mini a cikin gilashi? Ba ta ji ba, yaran yanzu in sun kafe sai a hankali. Muka ɗauki tasi daga unguwarmu Shisha, ina jan gwiwata ina mita. Wurin da sanyi kamar cikin firji, ga fitilu ko'ina. An gina ɗan ƙaramin kwatancen magudanar da take kawo ruwa daga idon ruwan da ake kira Ain a duwatsun bayan Arfa har cikin gari, ga tsofaffin salkuna sun bushe sun ƙanƙance, ga randuna, ga garwa biyu a rataye jikin sanda. Duk waɗannan na wuce su ina murmushi, har ina gaya wa Rahaf sunayensu. Sai a wata kusurwa na ga an shimfiɗa buzun tunkiya a ƙasa, an jingina wata siririyar sanda a gefensa. Rahaf, da take kirana Sitti, wato kaka, ta ce da 'yar Hausarta mai gargada, "Sitti, wannan na salla ne?" Na ce a'a, ba na salla ba ne, a kan irinsa ake kwantar da mai ruwa in ya yi laifi a dake shi a gaban jama'a, kuma an taɓa kwantar da mahaifina. Daga nan na nemi benci na zauna.

A Misfala aka haife ni, can sama jikin dutse, inda Hausawa suka yi gidajensu da katako da gwangwanin da aka buɗe aka daddake. Larabawa suna ce mana Takarna. Gidanmu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, sai rufin da muke hawa da tsani mu kwana in zafi ya tsananta, wanda kuwa kusan kullum ne. Mu shida ne a ciki: Baba, Umma, ni, ƙannena maza biyu, sai Iya, mahaifiyar Baba. Umma tana soya gyaɗa da yashi tana sayarwa a bakin layi tare da 'ya'yan kuka, waɗanda yaran Larabawa suke rububi kamar alewa. Aikina da safe in share tsakar gida, in ba akuyarmu ɓawon kankana da busasshen burodi, in ɓare gyaɗa har yatsuna su yi ja, sannan in tafi wajen wata malama da ke koya mana karatu a zauren gidanta. Da yamma mu taru a wani ɗan fili mu yi carafke da tsakuwa, ko mu zana gidaje a ƙasa mu yi ɗingishi da ƙafa ɗaya, muna waƙa rabi Hausa rabi Larabci ba tare da mun san mun haɗa ba. In magariba ta yi, kiran sallar Harami ya hau dutsen nan, kowace uwa ta leƙo ta kira nata.

Baba mai ruwa ne, sunansa Sale. A lokacin famfo bai shiga gidajen unguwanni irin namu ba, kowace unguwa tana da bazan, wato babban rumbun ruwa da aka gina a ƙasa inda ruwan Ain yake taruwa. Daga nan masu ruwa suke ɗiba su kai gida gida. Garwa biyu a rataye da sarƙa jikin sandar gora, ita ake kira zafa. Tun kafin asuba Baba yake fita, ya yi ta hawa da sauka a tsaunin nan da benayen masu hali, in ya iso ƙofa ya ɗaga murya ya ce "Ya Sattar" don mata su kauce, ya juye a randa ya fito kansa a ƙasa. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta baƙi ƙirin, mai tauri kamar ƙasan ƙafa, in ya dawo da yamma ni nake shafa masa man kaɗanya a wurin. Mutum ne marar yawan magana, dogo, mai tsafta har da ta ɓacin rai, ba ya yarda ko ƙuda ya sauka a bakin garwarsa. Abin da na fi ji a bakinsa shi ne, "Talaka ba shi da dukiyar da ta wuce mutuncinsa." Duk unguwar an san shekara da shekaru yana wannan sana'a ba a taɓa kai ƙararsa ba, kuma yana ji da wannan fiye da yadda yake nunawa.

Mu da ubanmu ke ɗaukar ruwa, ba mu taɓa wasa da shi ba. Ruwa ɗaya sai ya yi aiki uku a gidanmu: a wanke shinkafa da shi, a ɗauraye kwano, sannan a kai wa akuya ko a hau da shi rufi. Duk ranar Alhamis Umma takan wanke tulunan sha, ta kife su a kan garwashi da ɗan ƙaron mastaka, hayaƙin ya shiga jikin yumɓun, sai ruwan ya yi wani ƙamshi da sanyi da har yau ban sami irinsa a kwalba ba. In ɗayanmu ya zubar da ko rabin moɗa, Iya ba ta duka, sai ta kalle shi ta ce, "Kafaɗar ubanka ka zubar." Wannan magana ta fi mari zafi.

Iya tsohuwa ce gajera mai faɗa da ban dariya, haƙoranta ja saboda goro. Da ƙafa ta zo Makka daga wani ƙauye gabas da Kano, ita da mijinta, suna tafe suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su ƙara gaba, shekaru masu yawa a hanya. A hanyar ta haifi Baba, a hanyar kuma ta binne mijin da 'ya'ya biyu. Ba ta iso da komai na gida ba sai abu ɗaya: ɗan ƙullin gurguzu, wato irin yakuwa, da uwarta ta ɗebo mata a bayan ɗaki ranar da za su rabu. Duk inda suka yada zango har damina ta same su sai ta shuka, ta ci ganyen, ta ajiye irin. Da ta zauna a Misfala sai ta ci gaba a cikin tsofaffin garewanin da Baba ya daina aiki da su, a kan rufinmu, ta yi musu rumfa da buhu. Ana samun zoɓo a kasuwa wajen mutanen Sudan, amma Iya ta ce wannan ba shi ba ne, nata fari ne, ganyensa ya fi tsami, kuma hannun uwarta ne ya taɓa kakan kakansa. Sau biyu ko uku a shekara take yarda a tsinki ganyen a yi miya da gyaɗa, ranar kuwa gidan kamar salla, Baba ya ci har ya lashe hannu. Ni ce mai hawa da ruwan wanke-wanke in ba shukar, tana ƙasa tana ɗaga murya, "Rabi, a gindi na ce, ba wanka za ki yi mata ba."

Shekarar da nake ba da labari, ina wajen shekara tara, an yi ruwan sama mai ƙarfi irin wanda yake gangarowa Misfala ya shiga ɗakuna. Ya jiƙa ƙullin irin da Iya ta ɓoye a ƙasan akwatinta, bai bushe da wuri ba, ya ruɓe. Abin da ta tsince ta shuka, guda ɗaya tak ya tsiro. Iya ta ɗauki ran duniya ta ɗora wa wannan tsiro. Ta hana a taɓa ganye ko ɗaya, ta ɗaure akuya da igiya biyu, da tsufanta take hawa tsani safe da yamma ta duba shi. Bayan ƙaramar salla ya kai ƙirjina, ya yi fure, ya fara ɗaure 'ya'ya ƙanana kore shar. Iya ta ce saura kaɗan su nuna su bushe, sai ta sami irin baɗi, hankalinta ya kwanta.

Daidai lokacin alhazai suka fara cika gari, ruwa ya yi wuya, layin bazan ya yi tsawo. Masu ruwa kuwa suna da dokokinsu masu tsanani, da shehunsu da ke zama a bakin bazan yana yanke hukunci. Ba a tsallake layi, ba a zagi a bakin ruwa, kuma kowane gida da mai ruwansa, wani ba ya zuba wa gidan wani ko da an roƙe shi. To can ƙololuwar dutse akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Jawa da ke zaune ita kaɗai, ba ta gani sosai. Mai ruwanta, wani ƙato da ake kira Bilalu, ya sami gidajen alhazai masu biya da kyau a ƙasa, ya yi kwanaki bai hau wajenta ba. Baba yana wucewa ya ji tana buga randa da moɗa tana kira. Ya leƙa ya ga randar a bushe har ƙasa, ya juye mata zafar da ke kafaɗarsa, washegari ya ƙara. Labari ya kai kunnen Bilalu, shi kuwa da ya ga abin zai zame masa abin kunya sai ya riga kai ƙara, ya ce Sale yana yi masa satar gida. Shehu ya tambayi Baba ko ya zuba, Baba ya ce ya zuba. Ya tambaye shi ko ya nemi izini, ya ce bai nema ba. Shehu ya yi wa Bilalu faɗa sosai, amma ya ce doka doka ce, in aka bar wannan gobe kowa zai shiga gidan kowa da sunan tausayi. Aka yanke za a shimfiɗa wa Baba buzu bayan la'asar.

Da azahar ya dawo gida, abin da bai saba ba. Ya ajiye garewaninsa, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Umma tana kuka a hankali a bakin murhu, tana cewa ya je ya ba Bilalu haƙuri ko a janye. Baba ya ce ba zai roƙi mutumin da ya bar tsohuwa da ƙishirwa ba, ya ƙara da cewa, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Dukan ba wani mai yawa ba ne, 'yan sanduna ne a baya, ba a fasa jiki. Amma kowa ya san ba zafin ake gudu ba. Mutumin da aka kwantar rub da ciki a gaban yara da bayin Allah masu wucewa, har ya mutu ana cewa wane da aka shimfiɗa wa buzu. Na kalli Baba yana ɗaura maɓallin rigarsa, tsoro ya kama ni.

Akwai mafita ɗaya, kuma duk ɗan Makka na lokacin ya san ta. In an kwantar da mai laifi, kafin sanda ta sauka, wani ya jefa ɗanyen ganye a bayansa, ko damin ciyawar dabbobi ko na albasa ko wani abu kore, to ya cece shi, shehu zai ajiye sanda a tashi taro. A bazan ɗinmu sharaɗin shi ne kada mai jefawar ya zama ɗan sana'a, don kada su riƙa cetar junansu. Baba na fita Umma ta ce in ruga wajen mai sayar da ciyawa a gindin dutse. Na ruga ba takalmi, na tarar ya tashi tun hantsi, masu raguna sun kwashe komai, ko tsinke bai bari ba. Na zarce wajen mai kayan miya, ya rufe ya tafi salla. Na shiga gidajen maƙwabta biyu, wata ta zazzage kwandonta a gabana, busasshiyar kuɓewa ce da barkono. Garin nan dutse ne da rana, a lokacin kana iya tafiya mai nisa ba ka ga kore ba. Na dawo gida ina haki ina kuka, daidai ana kiran la'asar.

Iya tana zaune a kan tabarma. Da ta ga hannuna wayam sai ta miƙe, ta nufi tsani. Umma ta gane kafin ni, ta riƙe mata zane ta ce, "Iya, don Allah kada ki yi, a tsinki ganye kaɗan ya isa." Iya ta ce ganye kaɗan a hannun yarinya, cikin wannan turmutsutsu, wa zai gani? In iska ta ɗauke fa, ko shehu ya ce bai lura ba? Ta ce ba za ta yi caca da bayan ɗanta ba. Ta hau, muna jin numfashinta. Da ta sauko, shukar nan gaba ɗaya tana hannunta, da furenta da ɗanyun 'ya'yanta, saiwar na zubar da ƙasa, ta karye a gindi saboda ƙarfin fizgar. Ta miƙo mini ba ta kalle ta ba, ta ce, "Yi gudu, Rabi. Ki ɗaga ta sama kowa ya gani."

Ban san yadda na sauka dutsen nan ba. Na tarar an idar da salla, mutane sun yi da'ira a bakin bazan, masu ruwa sun ajiye garewaninsu a jere, yara sun hau katanga. Na kutsa ta tsakanin ƙafafu. Ga shehu a tsaye da sandarsa, fuskarsa ba daɗi, ga Bilalu a gefe yana kallon ƙasa. Ga Baba kuma a kwance rub da ciki a kan buzu, cikin farar rigarsa, ya tusa fuskarsa cikin hannuwansa. Mutumin da nake ɗaga kai in kalla, ga shi a ƙasan ƙafafun mutane. Na ɗaga yakuwar sama kamar yadda Iya ta ce, na jefa da duk ƙarfina, ta faɗa a tsakiyar bayansa, ƙasar saiwar ta ɓata rigar. Sai wani dattijo ya ce an cece shi, mutane suka ɗauka da salati. Shehu ya jingina sandarsa, na ga kamar shi ma ajiyar zuciya ya yi, ya ce, "Tashi, Sale, Allah ya rufa maka asiri."

Baba ya tashi zaune, ya kai hannu baya ya jawo abin da aka jefa masa, yana shirin yi wa mai ceton godiya. Sai ya ga abin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallonta, ya taɓa 'ya'yan nan kore da yatsa, ya matsa ɗaya ya ga cikinsa fari ne, ruwa ne kawai, bai yi iri ba. Ya ɗago ya gan ni. Ina jira ya yi murmushi, ina jin na yi abin kirki, sai na ga idonsa ya cika. A hankali ya ce, yadda ni kaɗai na ji, "Da kun bari an dake ni." Ya kama hannuna muka hau gida, yakuwar a ɗaya hannun. Da muka shiga ya durƙusa a gaban Iya ya ajiye ta yana share hawaye. Iya ta harare shi ta ce, "Kai tashi ka ba ni wuri, namiji da kuka. Bayan uwata na baro tun tuni, naka nake gani." Ta juya ta ce wa Umma ta tsinke ganyen a yi miya kada a yi asara biyu. Aka yi miyar, ta yi daɗi ƙwarai, muka ci mu yara. Baba bai sa hannu ba, Iya ma ta ce goro ya cika mata ciki.

An gwada mayar da gindin cikin ƙasa, bai kama ba. Iya ta shanya 'ya'yan ko Allah zai sa, suka yanƙwane suka zama ƙaiƙayi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma ƙara hawa rufi ba, ta ce gwiwa. Amma nakan gan ta da yamma, lokacin da ta saba hawa, ta miƙe tsaye kamar mai shirin zuwa wani wuri, ta ɗan tsaya, ta koma ta zauna. Shekara biyu bayan haka ta rasu, aka binne ta a nan Makka kamar yadda ta yi ta roƙo. Ba a daɗe ba aka ja bututu har saman dutse, motocin ruwa suka yawaita, masu zafa suka watse ɗaya bayan ɗaya, aka rufe bazan. Baba ya koma aikin share-share a Arfa lokacin Hajji, sauran shekara yana gadin wani shago. Har ya tsufa ba wanda ya taɓa ce masa wane da aka daka, mutuncinsa ya bi shi har kabari. Sai dai alhazan gida sun sha kawo mana busasshiyar yakuwa tsaraba, in Umma ta yi miyar sai ya ce a ba shi shayi da burodi. Har ya koma ga Allah bai ƙara ɗanɗana ta ba.

Yanzu ina zaune a hawa na huɗu a Shisha, in na murɗa famfo ruwa ya zubo, an ce ma daga teku ake tace shi a turo. Jikokina sukan bar shi yana zuba suna goge baki, in na yi faɗa su yi dariya su ce Sitti ta fara. Inda gidanmu yake a Misfala masaukin alhazai ne mai hawa da yawa, na je na kasa gane ko ta ina tsaninmu yake. Ganye kuwa ya cika kasuwa, kowane iri, kowane lokaci, har da ɗanyar yakuwa a shagunan 'yan uwanmu, dami guda kuɗin da yaro zai sayi alewa. Ba na cewa a koma zamanin da, na ga kafaɗar Baba, ba na yi wa ɗan kowa fatan irinta. Amma ina kewar mutanen nan, kewa mai ciwo, kuma sai da na girmi Iya ta wancan lokaci kafin na fahimci abin da ta tumɓuke da hannunta. Ba ta da hoton uwarta, ba ta da kabarin da za ta ziyarta, ba ta da hanyar komawa. Abu ɗaya ya rage mata na gida, shi ta bayar don kada ɗanta ya sunkuyar da kai a bakin ruwa.